Daga Filin Kwalejin Katsina Zuwa Filin Sardauna na Gusau

Duk wanda ya zauna Gusau, ko da na 'yan kwanaki ne, ya ji sunan filin wasan ƙwallo da a ke kira Filin Tunawa da Sardauna. Nan ne ƙungiyar Zamfara United ta yi gida, nan ta riƙa karɓar baƙinta sa'ad da ta ke cikin manyan ƙungiyoyin Nijeriya. Ran babban wasa sai ka ga samari sun taso daga Tsafe ta hanyar Funtuwa, waɗansu daga Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, sun cika motoci, ko wa yana gardamar wa zai ci. Amma in ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi abin da ya gama Sardauna da filin wasa, da wuya ya ba ka amsa, sai dai ya ce ai babban mutum ne, shi ya sa. Gaskiya ne babban mutum ne, amma akwai abin da ya fi wannan. Labarin ya faro ne daga wani fili a birnin Katsina, filin makaranta, irin wanda ba a biyan ko anini kafin a shiga kallo.

Kakanninmu ba su san tamaula irin ta Turawa ba, amma ba su rasa wasa ba. Ko wane gari yana da dandalinsa. In an yi girbi, rumbuna sun cika, sai a yi ta kokawa, mahauta su ɗaura hannu su yi dambe, yara su yi langa a farin wata, masu dawaki su yi sukuwa a ƙofar fada. Abu ɗaya ne ba su da shi, shi ne awo. Dandali ba shi da iyaka sai inda 'yan kallo suka tsaya. In sun matso ya tsuke, in mai bulala ya kore su ya buɗe. Ba agogo, ana farawa in makaɗa sun iso, ana tashi in an gaji. To, baƙon abin da Turawa suka kawo ba ƙwallon kanta ba ce, ko yaro ya iya dunƙula tsumma ya harba. Baƙon abin shi ne fili wanda aka auna tsawonsa da faɗinsa, aka shata masa layi, aka yanka masa lokaci, aka tsai da alƙali guda da usur a baki, wanda in ya busa ba mai ja da shi.

Su ma Turawan ba da wannan awo suka tashi ba. A Ingila, cikin manyan makarantun kwana na 'ya'yan masu hali aka raini wasan, ko wace makaranta kuwa da irin dokarta, gwargwadon filin da ta ke da shi. Waɗanda wurin wasansu daɓen dutse ne ba su yarda a kama mutum a ka da shi ba, don kada a karye, sai suka ƙware wajen jan ƙwallo da ƙafa. Waɗanda su ke da fili mai ciyawa mai taushi, kamar makarantar Rugby, suka yarda a ɗauki ƙwallo da hannu a ruga, a kuma cafke mai gudun a yi ƙasa da shi. Da samarin nan suka haɗu a jami'a sai wasa ya gagara, ko wa ya ce tasa dokar ce daidai. A 1848 waɗansu ɗalibai a Kambirij suka zauna suka rubuta dokoki na tarayya, a 1863 kuma aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Landan, aka hana gudu da ƙwallo a hannu. Masu son wancan suka ware da nasu wasan. A Nijeriya ma makaranta ce ta buɗe littafin. Wasa na farko da aka rubuta labarinsa an yi shi ne a Kalaba cikin watan Yuni na 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Thistle. 'Yan makaranta suka ci uku, matuƙa suka ci biyu.

Mu nan Arewa, makarantar da za a fara ambata ita ce Kwalejin Katsina. An fara karatu cikinta a 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta ran 5 ga watan Maris 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Da ƙasa aka gina ta, ginin magina na gargajiya, ginin kuwa yana nan har yau, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Nufin kafa ta shi ne a horad da malaman da za su koma lardunansu su koyar. Saboda haka aka riƙa tsamo yara masu ƙwazo daga ko wane lardi, su yi shekara biyar suna karatu da Ingilishi. Ba jirgi zuwa Katsina a lokacin. 'Yan Sakkwato da ƙafa su ke zuwa, tafiyar wajen mako guda. Cikin malamanta har da Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki.

Turawan da suka tsara makarantar sun ɗauko tsarin ne daga irin makarantun da su kansu suka yi a gida, inda a ke ganin filin wasa rabin makaranta ne. A ganinsu aji yana koya wa yaro lissafi, fili kuwa shi ke koya masa ya yi aiki da 'yan'uwansa, ya jure wahala, ya bi umurnin shugaba, in an ka da shi ya tashi ba tare da ya zare wuƙa ba. Saboda haka wasa ya zama dole, ba ganin dama ba. Ana kurket, ana tamaula, ana guje-guje da tsalle-tsalle, ana kuma wani wasa na ƙwallon bango wanda za mu zo kansa. Ba sai an faɗa ba, abin ya yi wa mutanenmu banbaraƙwai. A tarbiyyarmu ɗan babban gida ba ya gudu a bainar jama'a, almajirin da ya soma girma kuwa natsuwa a ke so a gani gare shi. Ga shi an ce ɗan sarki ya tuɓe riga, ya shiga fili, ɗan talaka ya sa masa ƙafa ya faɗi, alƙali ya ce ba laifi, a ci gaba. Ni dai a ganina, cikin duk abin da aka koyar a makarantar nan, wannan darasi yana cikin masu wuyar haɗiya, yana kuma cikin masu amfani.

Ku duba waɗanda suka haɗu a wurin. A 1928 da 1929 akwai Kashim Ibrahim daga Barno, da Ahmadu Raɓa daga Sakkwato, da Abubakar Imam daga Kagara, da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci, duk a makaranta ɗaya. Da ba don Katsina ba, mai yiwuwa ne Babarbare da Basakkwace su tsufa ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya ba, balle ma in an tuna tsohuwar gabar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Bayan shekara talatin da 'yan kai, ɗaya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ɗaya Firayim Ministan Nijeriya, ɗaya Gwamnan Arewa, ɗaya kuma ya riga ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sa'ad da suka zauna shawara a majalisa, ba baƙin juna ba ne. Ko wa ya san mai saurin fushi, ya san mai haƙuri, ya san wanda ke son ya riƙe ƙwallo shi kaɗai.

To, bari mu auna filin, domin da yawa daga cikinmu mun tsufa muna kallon wasa ba mu san ma'anar layukan da ke ƙasa ba. Doka ta ce tsawon fili kada ya kasa yadi 100, kada kuma ya wuce 130. Faɗinsa daga yadi 50 zuwa 100, amma tilas tsawon ya fi faɗin. Manyan filaye na yanzu galibi mita 105 ne tsawo, mita 68 faɗi, watau ƙasa kusan eka biyu ke nan, gonar da za ta ci da ƙaramin gida. Ko wane ƙarshe akwai turaku biyu, tsakaninsu yadi 8, da sanda a gicciye bisa, tsayinta daga ƙasa ƙafa 8. Wannan faɗi na yadi 8 bai sake ba tun 1863. Sandar bisa daga baya ta zo, da can igiya a ke ɗaurawa, raga kuma sai wajen 1891, don a kashe gardamar ko ƙwallo ta shiga ko ta gefe ta bi. Gaban turakun akwai ɗaki biyu da aka shata, ƙarami mai yadi 6, babba mai yadi 18. Cikin babban ne kaɗai mai tsaron gida ke da ikon kama ƙwallo da hannu. In ɗan gida ya yi wa baƙo ƙeta a ciki, sai a aza ƙwallo bisa wani ɗigo mai nisan yadi 12, a buga daga kai sai mai tsaron gida. Tsakiyar fili akwai da'ira, daga cibiyarta zuwa bakinta yadi 10, don abokan gāba su ja da baya kafin a take wasa. Mutum goma sha ɗaya ko wane gefe, minti 45 a juya, minti 45 a tashi.

Filin makaranta kuma ya kan sami hanyar tsere kewaye da shi. A awon da, zagaye ɗaya yadi 440 ne, in ka zaga sau huɗu ka yi mil guda cur, watau yadi 1,760. Yanzu an koma mita 400. Masu hankali in za su shata fili su kan miƙe shi kudu da arewa. Dalili kuwa, mu nan bayan la'asar a ke wasa, sa'ad da rana ta yi sanyi ta karkata yamma. In fili ya miƙe gabas da yamma, mai tsaron gida ɗaya zai yi rabin wasa yana ƙifta ido, ƙwallo na fito masa daga cikin rana. A kan kuma ɗan tada tsakiyar fili kaɗan bisa gefunansa, yadda ido ba zai lura ba, don ruwan sama ya gangare.

Shata fili aikin yini ɗaya ne, riƙonsa shi ne aiki, ƙasarmu kuwa ba ta yi wa mai riƙon fili sauƙi ba. A Ingila ruwa na sauka kusan ko wane wata, ciyawa ba ta mutuwa. Mu kuwa da damina sai ciyawa ta tashi har gwiwa, ƙarangiya ta bazu, ruwa ya wanke layi cikin dare ɗaya. Da kaka ta wuce, hunturu ya busa, sai ƙasa ta ƙeƙashe ta yi tauri kamar daɓe, wanda ya faɗi sai ya bar fatar gwiwarsa a wurin. Gara kuma tana nan tana jiran turaku. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ya san maganin waɗannan. A raba wa yara langalanga su sare ciyawa, a bi da tsintsiya a tsince ƙaya, a haƙa layi kaɗan a zuba farar ƙasa, in babu a zuba toka. Turaku kuwa a nemi azarar giginya, ko a shafe gindinsu da baƙin mai kafin a kafa. Waɗanda za su yi wasan su ke gyaran filin da hannunsu, shi ya sa ba wanda zai yarda ya ga jaki ya ratsa ta ciki bai kore shi ba. Wurin zaman 'yan kallo kuwa inuwar itace ce, sai in babban baƙo zai zo a fito da kujeru daga aji a kafa rumfa.

Sauran ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira fayifs. Wannan wasa ya isa a tsaya a kansa, don shi ne wasan Sardauna. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, inda yara su kan tsaya jiran shiga majami'a, su riƙa buga ƙwallo da tafin hannu a wani lungu tsakanin ginshiƙan ginin. A lungun akwai matakala, akwai kuma wani guntun gini da ya turo daga hagu a gindin hawan. Da aka zo gina ɗakunan wasan na musamman sai aka kwaikwayi lungun nan sak, har da matakalar da guntun ginin, ko da ya ke ba wanda zai zauna ya ƙaga su da gangan. Ɗaki ne mai bango uku, gaba da dama da hagu, baya a buɗe. Mutum biyu ke karawa da biyu. Ana buga ƙwallo ta daki bangon gaba bisa wani layi, abokan karawa su mayar kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Gwani shi ne wanda ya iya jefa ta cikin kusurwar guntun ginin nan, inda za ta mace ko ta yi tsalle inda ba a zata ba.

Wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kabi da Katsina cikin shekarun 1920, shi a ke jingina wa kawo wasan ƙasar nan. Amma da ya zo sai ƙasarmu ta yi masa nata gyaran. Ƙwallon da a ke bugawa a Eton ƙarama ce mai tauri, ɗakunanmu kuwa na ƙasa ne, ko wane bugu sai ta ɓantare bango. Sai aka koma ga ƙwallon tanis mai taushi, aka kuwa zauna a kanta ko bayan an soma gini da siminti. Ahmadu Raɓa ya ƙware a wasan nan tun yana Katsina, tsakanin 1926 da 1931, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. Ya je Eton da kansa ya buga. Har kofi aka sa da sunansa, wanda gwanayen wasan na Arewa ke karawa a kai. Abin mamaki, wasan da ko a Ingila 'yan makarantu kaɗan ne suka san shi, a Katsina ya zama na mutanen gari.

Tun da mun ga yadda gini ke juya wasa, bari mu leƙa Amurka, inda filin wasan makaranta ya kai matuƙa. Nasu ƙwallon ba irin tamu ba ce, jikar ta Rugby ce, mai tsini gaba da baya, ana runguma ana gudu, ana karo kamar raguna. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Jami'ar Harvard ta gina wa ɗalibanta filin wasa na kankare, mai siffar takalmin doki na ƙarfe, kujeru hawa-hawa. A 1905 wasan ya yi muni, samari kusan ashirin suka mutu cikin shekara guda, har shugaban ƙasar, Theodore Roosevelt, ya sa baki. Waɗansu suka kawo shawara a ƙara faɗin fili don 'yan wasa su warwatsu. Amma kankaren Harvard ya riga ya daskare, ba wurin ƙari. Sai aka bar fili yadda ya ke, aka sake doka a 1906, aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu, abin da ya sake kamannin wasan ɗungum. Daga nan jami'o'i suka shiga gasar gini. A 1927 Jami'ar Mishigan ta haƙa wani ƙaton rami kamar ƙwarya ta jera kujeru 72,000 a ciki, aka yi ta ƙari har ya wuce 107,000. Filin makaranta ne, amma ba filin da ya kai shi girma a ƙasar Amurka duka. Sai dai ku lura, mutum ashirin da biyu ne ke cikin fili, sauran dubban nan duk a zaune su ke. Namu na Katsina akasin haka ne, kusan ko wa ɗan wasa ne, 'yan kallo ne kaɗan.

Kwalejin ba ta dawwama a Katsina ba. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna, inda Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 aka sake ɗauke ta zuwa Zariya, kusa da kamfanin Gaskiya, a 1971 kuma aka raɗa mata sunan da ta ke amsawa yanzu, Kwalejin Barewa. Sunan ya dace, ba dabbar dajinmu da a ke buga misali da ita wajen gudu kamar barewa. Ɗakunan kwanan ɗalibai suna ɗauke da sunayen mutanen da, irin su Clifford da Ɗan Hausa da Bello Kagara da Nagwamatse, gasar wasanni kuma tsakanin ɗakunan nan a ke fara ta. A filin Zariya ne wani yaro daga Wusasa, Yakubu Gowon, ya zama mai tsaron gidan makaranta, ya kuma yi suna wajen tseren mil guda da tsallen sanda da damben Turawa, kafin ya shiga soja a 1954. Murtala Muhammed ya biyo bayansa, daga baya kuma Umaru Musa 'Yar'aduwa. In aka gama da Tafawa Ɓalewa da Shagari, mutum biyar ke nan da suka shugabanci Nijeriya daga makaranta guda.

Yaya wasan ya iso mu nan Zamfara? Ta hanya biyu ya zo. Ta fari ita ce malaman da kwalejin ta yaye. Ko wane ya koma lardinsa da littattafai da usur. Suka koyar a makarantun midil, ɗalibansu kuma suka bazu cikin elemantare na gundumomi, duk inda aka kafa aji biyu sai a share fili a bayansa. Shi Ahmadu Raɓa kansa da koyarwa ya fara, a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Raɓa. Hanya ta biyu ita ce dogo. Jirgin ƙasa ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gusau ta zama kasuwar gyaɗa da auduga, kamfanoni suka kafa kantuna, ma'aikatan jirgi da akawuna daga Kudu suka zauna Sabon Gari. Su kuwa sun daɗe da sanin tamaula, ƙungiyar ma'aikatan jirgi ta Ikko ma tana cikin waɗanda suka fi cin Kofin Gwamna bayan an soma shi a 1945. Ɗan makaranta ya zo da doka, ma'aikacin jirgi ya zo da gwaninta, yaran gari suka tsaya bakin layi suna kallo, suka koma unguwa suka dunƙule tsumma.

Cikin wannan gari mai tasowa aka kawo Sardauna. A 1938 Sarkin Musulmi Hasan ya rasu, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma ya naɗa Ahmadu Sardaunan Sakkwato, aka turo shi Gusau ya duba gundumomin gabas, cikinsu har da Tsafe da Bunguɗu. Ya yi wajen shekara shida a nan. A nan ne kuma aka ɗora masa zargin kuɗin jangali a 1943, aka yanke masa hukunci a Sakkwato, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Masana tarihi da yawa suna ganin daga wannan shari'a sunansa ya fara zaga Arewa. Ashe ke nan sunan da ke bisa filin Gusau ba aro aka yi daga nesa ba. Sunan mutum ne da ya zauna garin, ya sha daɗi da wuya a cikinsa, wanda kuma filin makaranta ya yi rabin renonsa.

Manyan filaye masu katanga da ƙofa da tikiti daga baya suka zo. A 1953 ƙungiyar Kano ta ci Kofin Gwamna, karo na fari da kofin ya bar Ikko, mutanen Arewa suka ga ashe su ma za su iya. Cikin shekarun 1960 aka gina babban fili a Kaduna, wanda ke ɗauke da sunan Ahmadu Bello. Sakkwato ta sami Filin Giginya. Kano ta sami na Ƙofar Mata mai sunan Sani Abacha, inda aka buga wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na Kofin Afirka a 2000. Katsina ta buɗe nata a 2013, mai cin mutum 35,000, aka kuma sa masa sunan Muhammadu Dikko, sarkin da ya ba kwalejin masauki tun farko. A 1996, shekarar da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato Gusau ta zama babban birni, Nijeriya ta ci zinariya a ƙwallon ƙafa a wasannin Olamfik na Atlanta, cikin 'yan wasan har da 'yan Kaduna biyu, Garba Lawal da Tijjani Babangida. Waɗannan gine-gine abin alfahari ne, ba na ƙi. Amma babban fili wurin nuna gwani ne bayan ya ƙware, ba a nan a ke yinsa ba. Yaro ɗan shekara tara ba shi da kuɗin shiga, in ma ya shiga, mai gadi ba zai bar shi ya taka ciyawa ba.

Abin da ke damuna ke nan. Ni ban yi kwaleji ba, daga makarantar allo sai firamare, amma firamaren tamu tana da fili cikakke, da turaku na azara, da itatuwan dogon yaro jere ta yamma. Mu muka sare ciyawarsa, mu muka zuba masa toka. Kwanan baya na koma na zaga wurin. Yara sun yi yawa, aka gina azuzuwa huɗu a gefen arewa, wannan ba mai ganin laifinsa. Amma ta bakin hanya an yanka shaguna, ta kudu kuma wani ya ja katangar gidansa ta ciyo ciki, ba wanda ya iya gaya mini wa ya ba shi. Na taka abin da ya rage da ƙafata, na sami taku arba'in da ɗaya tsawo, ashirin da shida faɗi, ko rabin abin da doka ta ce bai kai ba. Na tambayi wani malami inda yara ke wasa, ya ce da rani su kan gangara cikin yashin rafin da ke bayan gari, su aza duwatsu biyu maimakon turaku. Da damina kuwa, in rafi ya kawo, sai su jira kaka.